Ɗakin Murhu da Tambayar Gimbiya: Sharhi a kan Tafakkurin Dekart

A ƙarshen shekarar 1619 hunturu ya ritsa da wani saurayi Bafaranshe a ƙasar Jamus, yana kan hanyar komawa rundunar sojan da ya shiga, bayan ya kalli bikin naɗin sarkin daula. Shekarunsa 23. Bai sami abokin hira a masaukin ba, kuma kamar yadda ya bayyana da kansa daga baya, babu wata damuwa da ke cin zuciyarsa a lokacin. Sai ya rufe kansa a wani ɗaki mai murhu, ya riƙa wuni yana zance da tunaninsa. Sunan saurayin René Descartes, wanda a bakin mutanen ƙasarsa yake fita Dekart, kuma haka zan riƙa kiransa. Masu rubuta tarihin falsafar Turai sun mai da wannan ɗaki tamkar ɗakin haihuwa. A nan, in ji su, aka yanke cibiyar mazhabar da ta ce hankali shi kaɗai, ba tare da ya jingina da ido ko kunne ko maganar magabata ba, yana iya kai mutum ga ilmin da babu kokwanto a cikinsa. Malebranche da Spinoza da Leibniz suka biyo baya, kowa da irin takunsa.

Ni kuwa ɗakin ne ya tsaya mini a rai. Ɗalibin adabi ne ni, an koya mini in tambayi kowane labari abu uku: wa ke magana, daga ina yake magana, me kuma aka bari a waje domin maganar ta yiwu? Waɗannan tambayoyi nake son yi wa littafin da ya fi kowanne fito da mazhabar fili, wato Meditationes de Prima Philosophia, wanda aka buga da harshen Latin a birnin Faris a 1641, wanda kuma zan kira Tafakkuri saboda sauƙi. A ganina ƙarfin littafin da rauninsa ta ƙofa ɗaya suka shigo, ƙofar da marubucin ya rufe. Wadda ta fi kowa ƙwanƙwasa ƙofar nan kuwa wata budurwa ce 'yar gudun hijira mai shekara 24.

Kada mai karatu ya ce na jawo littafin falsafa cikin fagen da ba nasa ba. Dekart ne ya fara buɗe wannan hanya. A littafinsa na 1637, Discours de la méthode, wanda ya fito a birnin Laidin ba tare da sunan marubuci ba, ya ba mai karatu izinin ya ɗauki abin da ke ciki a matsayin tarihi, ko ma tatsuniya in ya ga dama. Da ya zo rubuta Tafakkuri bai jera hujjojinsa irin jerin malaman handasa ba, ko da yake a wannan fanni gwani ne na gwanaye. Sai ya raba littafin zuwa zama shida, kamar kwana shida na halwa, ya kuma nemi mai karatu ya shafe makonni, ko ma watanni, a kan zama na farko kafin ya wuce. Wannan siga ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatu a makarantar La Flèche ta limaman Jezuwit, inda aka saba da keɓewa ta kwanaki ana horar da zuciya mataki-mataki bisa tsarin Ignatius na Loyola. Ya ari rigar ibada ya sa wa binciken hankali.

Mai ba da labarin ba shi da suna. Ba a gaya mana garinsu ba, ba a ambaci uwa ko maƙwabci ba. Abin da muke gani kawai shi ne mutum zaune a gefen wuta, sanye da rigar sanyi, da takarda a hannu. Ya sanar da mu cewa ya jira sai da shekarunsa suka nuna, ya kawar da duk wata hidima daga zuciyarsa, ya tanadi lokaci, yana shi kaɗai. Wannan ƙarancin bayani gwaninta ce babba. An ɗinka kalmar "ni" ta littafin da faɗi kamar babbar riga domin duk wanda ya buɗe shi ya iya zura wuyansa. Na zura nawa a karatuna na farko, kuma ban ankara cewa rigar aro ce ba sai da na yi nisa.

Aikin zama na farko rusau ne. Mai labarin ya ce ba sai ya bi kowane ra'ayi ɗaya bayan ɗaya ba, ya isa a tone harsashi, ginin zai faɗi da kansa. Ya fara da mariskai: ido yakan yaudare mu a kan abu ƙarami ko mai nisa, wanda kuwa ya taɓa yaudararka ba ka sakankance da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shi sai ya kori ganin ma. To amma hannuwan nan nawa fa, da wutar nan? Musun su ai sai mahaukaci, irin matsiyacin da ke cewa shi sarki ne, ko mai cewa jikinsa na gilashi ne. Sai ya tuna cewa shi ma yana barci, kuma sau da yawa ya yi mafarkin yana zaune gefen wuta alhali yana kwance a gado. Babu wata alama tabbatacciya da ke raba farke da mafarki. Saura lissafi, domin ko a mafarki biyu da uku biyar ne. Nan ya fito da makaminsa na ƙarshe: a ƙaddara akwai wani mayaudari mai iko da wayo, wanda ya duƙufa wajen ruɗe shi duk lokacin da ya ƙirga gefunan murabba'i.

A zama na biyu ya sami abin da mayaudarin ba zai iya taɓawa ba. In ana yaudarata, to akwai ni ɗin da ake yaudara. Duk lokacin da na raya a zuciya cewa ina nan, ba zai yiwu maganar ta zama ƙarya ba. Me ne ne ni ɗin? Abu mai tunani: mai kokwanto, mai fahimta, mai yarda da ƙi, mai so, mai sawwarawa, mai jin kamar yana gani. Jiki ba ya cikin lissafi tukuna.

A nan ne shafin da na fi so yake. Ya ɗauko gutsuren kakin zuma da aka ciro daga amya, da sauran zaƙinsa da ƙanshin furanni, mai tauri, mai sanyi, mai ƙara in an ƙwanƙwasa. Ya matsa da shi kusa da wuta. Ƙanshi ya tafi, launi ya sauya, ya narke, ya yi zafi, ƙara ta ɓace. Duk abin da mariskai biyar suka shaida ya gushe, amma ba wanda zai ce ba kakin ba ne. Ashe sanin kakin hukuncin hankali ne tun farko. Ban san misalin da ya fi wannan tsabta ba a duk abin da na karanta na falsafa, kuma ƙarfinsa na adabi ne: sai da marubucin ya sa muka ji ƙanshin kafin ya ƙwace shi. Sai dai a daidai nan wani abu ya faru wanda masu sharhi kan wuce da sauri. Mai labarin ya leƙa ta taga, ya ga mutane na wucewa a titi. Nan take ya gyara maganarsa: abin da idonsa ya gani huluna ne da riguna, ƙila ma injuna ne a ƙarƙashinsu, hankalinsa ne ya yanke cewa mutane ne. Wannan ne karo na farko da wasu 'yan Adam masu rai suka gitta ta gaban idonsa a cikin labarin, kuma sun shigo a matsayin abin tuhuma. Ba su yi magana ba. Har littafin ya ƙare ba wanda ya amsa wa mai labarin ko da kalma ɗaya.

Tambayar da ta fara damuna ita ce: wannan kokwanto na gaske ne? Mai labarin ya ce ji yake kamar ya faɗa cikin ruwa mai zurfi, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, iyo kuma ya gagara. Amma marubucin da ke bayansa bai taɓa nutsewa ba. A watan Janairu 1641 ya rubuta wa amininsa Marin Mersenne cewa zaman nan shida sun ƙunshi dukkan harsashin ilminsa na kimiyyar halitta, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa, don kada mabiya Aristotal su ƙi littafin. Fatansa su saba da ƙa'idojinsa sannu a hankali kafin su gane cewa suna rushe nasu. Mutumin da ya ɓoye littafinsa Le Monde a 1633, da ya ji hukuncin da aka yanke wa Galileo a Rum, ya san abin da yake yi sa'ad da ya sadaukar da Tafakkuri ga malaman tauhidi na Sorbonne. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Kakin zuman nan da ya burge ni, in an cire masa launi da ƙanshi da ɗanɗano, abin da ya saura shi ne tsawo da faɗi da zurfi da motsi, kuma wannan ita ce duniyar da kimiyyar Dekart take bukata, duniyar da ake iya aunawa da lissafi.

Ba na ɗaukar wannan laifi. Mai tatsuniya ya san ƙarshen tatsuniyarsa. Amma bambancin yana fitowa in aka ajiye littafin kusa da wani da masu karatun zaure suka fi sanin marubucinsa, wato Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, mai Ihya. A cikin Al-Munƙiz min al-Dalal shi ma ya bi irin waɗannan matakai, ƙarni biyar kafin Dekart. Ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro kamar dinari alhali handasa ta nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ya ƙaryata ido. Wa ya sani ko akwai wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ban kawo wannan don in yi da'awar aro ba. Na kawo shi ne saboda inda hanyoyin biyu suka rabu. Gazali ya kira halin da ya shiga cuta, ya ce ta kai kusan wata biyu. Ya kuma ga cewa ba za a fita daga cikinta da hujja ba, domin kowace hujja da ilmin farko ake gina ta, ilmin farkon kuwa shi ne ake tuhuma. Ya ce warakarsa ta zo ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Dekart ya so ya fita da hujja. A zama na uku ya ce yana samun a cikin kansa ma'anar wani Zati cikakke marar iyaka, kuma tauyayye irinsa ba zai iya zama tushen wannan ma'ana ba, saboda haka Allah yana nan. Cikakke kuwa ba ya yaudara. Don haka duk abin da hankali ya gani sarai, a rarrabe, gaskiya ne. Antoine Arnauld, matashin malamin tauhidi, ya ga matsalar tun kafin a buga littafin. Ba mu amince da abin da hankali ya gani sarai ba sai don Allah ba ya yaudara. Ba mu kuma tabbatar da samuwar Allah ba, a wannan tsari, sai don hankali ya ga hujjar sarai. Malaman manɗiƙi suna kiran irin wannan dauri. A tsakanin Arnauld da Dekart babu jayayya a kan samuwar Ubangiji, dukansu Katolika ne masu imani. Tsanin da aka kafa ake tuhuma. Dekart ya amsa cewa abin da hankali ke kallo a yanzu ba ya bukatar lamuni, abin da ake tunawa an taɓa tabbatarwa ne yake bukata. Amsar ta rage ciwon, ba ta kashe shi ba. In abin da nake gani sarai a yanzu ba ya karɓar tuhuma, me ya sa aka bar mayaudari ya taɓa biyu da uku a zama na farko? In kuwa yana karɓa, da wane hannu zan kama hujjar zama na uku? A wannan gaɓa ina ganin Gazali ya fi faɗin gaskiya game da iyakar hankali, ko da mai falsafa zai ce mafitarsa ba ta cikin abin da ake iya koya wa wani a aji.

Wajibi ne in yaba wa Dekart da abu ɗaya wanda marubuta kaɗan ke iyawa. Sukar Arnauld a cikin littafin take. Kafin bugu an zagaya da rubutun ga masana ta hannun Mersenne, aka tattaro suka kashi shida, har da ta Thomas Hobbes da ta Pierre Gassendi, aka buga su tare da amsoshinsa. A bugu na biyu na Amstadam a 1642 aka ƙara ta bakwai. Suka da amsa sun ninka asalin littafin tsawo. Mutumin da ya rubuta labarin hankali ɗaya tilo a ɗaki ya ɗinke shi a bango ɗaya da hayaniyar majalisa. Wani lokaci yakan fusata, musamman da Gassendi, amma bai share maganar kowa ba. Duk wanda ya karanta zama shida ya ajiye, rabin littafin ya karanta, kuma rabin da ya fi lallashi.

Yanzu in koma ga tambayata ta uku, abin da aka bari a waje. Wutar nan da mai labarin ke zaune a gefenta, wani ne ya hura ta. Kaɗaicin da ya ce ya tanada, da gādo aka saye shi, domin Dekart ya sayar da kadarorin da suka zo masa ta wajen mahaifiyarsa, ya zauna a Holan kimanin shekara ashirin ba ya yi wa kowa aiki. Kuma gidan ba kango ba ne. A 1635 wata baiwar Allah mai aikin gida, Helena Jans, ta haifa masa 'ya, Francine. Yarinyar ta rasu da zazzaɓi a watan Satumba 1640 tana da shekara biyar. A watan Oktoba mahaifinsa ya bi ta. A watan Nuwamba ya aika wa Mersenne rubutun Tafakkuri. A farkon 1641, a wata wasiƙar ta'aziyya, ya ce shi ba ya cikin masu ganin hawaye na mata ne kawai. Ashe mutumin ya san abin da baƙin ciki ke yi wa jiki. Mai labarinsa ne bai sani ba. Ba na cewa ya kamata ya sa makokinsa a littafin ilmi. Ina cewa ne "ni" ɗin da aka ba mu a matsayin ainihin ɗan Adam ƙagagge ne, an tace shi daga yunwa da jinya da hakkin iyali, sa'an nan aka ce abin da ya saura shi ne mu.

A watan Mayu 1643 wasiƙa ta iso masa daga birnin Heg. Mai rubutun Gimbiya Elizabet ce, 'yar Frederick na Biyar, wanda ya hau sarautar Bohemiya hunturu ɗaya kacal kafin a ci shi da yaƙi a 1620, iyalin suka ƙare a gudun hijira. Ta san lissafi da harsuna, ta kuma karanta Tafakkuri da idon da ba ya jin kunyar suna. Tambayarta gajeriya ce. Ka ce rai abu ne mai tunani kawai, ba ya cin wuri. Jiki kuwa cin wuri ne kawai, ba ya tunani. A kimiyyarka abu ba ya motsa wani abu sai ta hanyar turawa, turawa kuwa tana bukatar taɓawa da siffa. To ta yaya ran da ba shi da gefe ko fuska yake ɗaga hannu?

Amsarsa ta farko ta fi yawa da ladabi a kan haske. Ya ce akwai ma'anoni na asali guda uku, ta rai, ta jiki, da ta haɗuwarsu, kuma kuskure ne a auna ɗaya da mudun ɗaya. Ya kawo misalin nauyi: yadda mutane ke sawwara nauyi yana jan dutse ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba, haka za a fahimci rai yana motsa jiki. Ba ta bar shi ya sha ba. A wasiƙarta ta watan Yuni ta tuna masa cewa shi da kansa ya ce wannan fahimta ta nauyi kuskure ce. Yaya kuskure zai zama fitilar gaskiya? Ta ce ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki da cin wuri, a kan ta yarda abin da ba shi da jiki yana motsa jiki. Ta ƙara da abin da kowane mai jinya ya sani: in rai bai dogara da jiki ba, me ya sa ɗan hayaƙin da ya taso wa ƙwaƙwalwa yake ɗauke masa tunani gaba ɗaya? A cikin wasiƙar ta ba da uzurin da nake ɗauka shi ne sharhi mafi kaifi da aka taɓa yi wa siffar littafin. Ta ce rayuwar da aka ɗora mata ba ta bar mata lokacin yin tafakkuri bisa ƙa'idojinsa ba: ga lamurran gidansu da ba za ta yi wa sakaci ba, ga baƙi da gaishe-gaishen da ba ta da ikon gujewa, har hankalinta ya gaji ya kasa komai. Da sigar neman afuwa ta faɗa, amma hannunka mai sanda ne. Hanyar da aka ce ta kowa ce, mai ɗaki da mabuɗi kaɗai ke iya binta. Abin ya fi armashi in aka tuna cewa a 1638 Dekart ya gaya wa wani limami cewa ya so ko mata su fahimci wani abu daga littafinsa na farko.

Wasiƙarsa ta 28 ga Yuni 1643 ita ce, a ganina, shafi mafi gaskiya da ya taɓa rubutawa. Ya ce rai da tsantsar hankali ake saninsa, jiki da hankali tare da sawwarawa, amma haɗuwarsu mariskai ne ke saninta sarai, hankali kuwa dishi-dishi yake ganinta. Wanda bai taɓa yin falsafa ba, in ji shi, ba ya kokwanton cewa rai na motsa jiki; da zaman duniya da hira ta yau da kullum, da barin tafakkuri, ake koyon wannan. Ya ce shi kansa sa'o'i kaɗan a shekara yake ba tunanin da ya shafi tsantsar hankali. Mai karatu ya dubi wanda ke wannan magana. Uban mazhabar hankali ne yake cewa abin da ya fi kusa da mu, kasancewarmu mutum ɗaya mai jin yunwa da zafi, hankali ba ya kama shi da kyau, sai a fita tsakar gida a koya. Gaskiya ne ya ɗan taɓo wannan a zama na shida, inda ya ce rai ba ya zaune a jiki zaman matuƙi a jirgi, domin matuƙi ganin ɓarakar jirginsa yake yi, ba ya jin zafinta. Amma can a gefe ya faɗa, a nan kuwa an matsa masa har ya mai da shi tsakiya. Jiki magayi, in ji Hausawa. Elizabet ta amsa a farkon Yuli cewa mariskai sun nuna mata rai na motsa jiki, amma ba su koya mata yadda yake yi ba. Wasiƙun da suka biyo baya a watan Nuwamba na lissafi ne: ya aika mata matsalar da'irori uku, ta warware.

Na taɓa gwada abin a kaina ba da niyya ba. A shekarar da na fara karanta littafin zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana huɗu. Hujjar zama na uku, wadda da safe nake iya bi tiryan-tiryan, da dare sai ta zame mini kamar sabulu a ruwa. Tunanin yana nan, ni ma ina nan, wannan kam Dekart ya ci. Amma gani sarai ɗin da aka ɗora dukkan ginin a kansa yana hawa yana sauka tare da zafin goshina.

Magadansa duk a kan wannan rami suka yi gini. Shi ya nuna wata 'yar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce a nan rai ya fi gudanar da aikinsa, wanda hakan sauya wa tambayar mazauni ne kawai, kuma Spinoza ya yi masa ba'a a kai a gabatarwar kashi na biyar na littafinsa Ethica na 1677. Spinoza ya ce tunani da cin wuri siffofi biyu ne na zati ɗaya. Malebranche ya ce nufina ba ya ɗaga hannuna, Allah ne ke ɗagawa a daidai lokacin da na nufa, maganar da ba za ta zama baƙuwa ba ga wanda ya san abin da Gazali ya ce game da wuta da auduga. Leibniz ya ce rai da jiki kamar agogo biyu ne da aka saita tun farko, suna bugawa tare ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. A 1734 kuma, a jami'ar Wittenberg, Anton Wilhelm Amo, haifaffen yankin Axim a ƙasar da yau ake kira Gana, ya kare kundin da ya ce Dekart ya saɓa wa kansa: in rai ba jiki ba ne, to ji da shan wahala na jiki mai rai ne, rai ba ya karɓarsu. Gine-gine ne masu ban sha'awa, wasu ma sun fi na Dekart daidaito. Sai dai a cikinsu babu wanda ya ce hannuna yana tashi don na so, a ma'anar da mai ɗaukar tulu ya sani.

Zumuncin bai yanke ba, kuma a shekarun baya ita ce ta riƙa jansa zuwa ƙasa. A 1645 ta yi fama da zazzaɓi da busasshen tari. Ya ce baƙin ciki ne sanadi, ya shawarce ta da ta kawar da tunani mai nauyi, ta riƙa kallon koren daji da launin fure da tashin tsuntsu, ya kuma kawo shawarar su karanta littafin Seneca a kan rayuwa mai daɗi. Mai kawu a tsakiyar yaƙin basasa a Ingila, wanda aka fille wa kai a 1649, ba ta ga yadda kallon fure zai isa ba. Da ya ce jin daɗi na gaskiya a hannun nufin mutum yake, sai ta ce akwai cututtukan da ke ɗauke ikon tunani ɗungurum, akwai kuma masu raunana shi. Ya yarda, ya gyara maganarsa, ya ce yana nufin waɗanda hankalinsu ke sake. Ta nemi ya fayyace mata motsin zuciya ɗaya-ɗaya, so da ƙi da tsoro da baƙin ciki. Daga wannan buƙata littafinsa na ƙarshe ya fito, Les Passions de l'âme, a 1649, littafin da ya cika da jini da bugun zuciya da hawaye da jan fuska. Tun a 1644 ya riga ya sadaukar mata da Principia Philosophiae, yana cewa ita kaɗai ya sani da ta fahimci dukkan rubuce-rubucensa.

Ya rasu a Sitokhom ranar 11 ga Fabrairu 1650, da ciwon huhu, a hunturun da Sarauniya Kristina ta Suwidin ta sa shi zuwa fada da ƙarfe biyar na asuba, shi da ya saba kwanciya har hantsi. Jakadan Faransa, Chanut, ya tarar da wasiƙun Elizabet a cikin takardunsa, ya nemi izinin a buga su. Ta ƙi, ta ce a mayar mata. Da Clerselier ya fara fitar da wasiƙun Dekart a 1657, ɓangarensa kaɗai aka buga. Ita kuwa ta zama shugabar gidan ibada na Herford a 1667, ta rasu a 1680. Fiye da shekara ɗari biyu masu karatu suna karanta amsoshi babu tambayoyin, suna jin murya ɗaya kamar yadda suka saba ji a Tafakkuri, har sai da aka gano kwafin wasiƙunta a wani gidan sarauta kusa da Arnhem, Foucher de Careil ya buga su a 1879.